Ɓoyayyen hatimi a jikin hoton asibiti

Hoton ƙirji, na CT ko MRI, yanzu fayil ne a kwamfuta, kuma abin da ke kwamfuta hannu yana iya kaiwa gare shi. A 2019 masu bincike a Jami'ar Ben-Gurion ta Isra'ila sun dasa ƙullutun cutar kansa a hoton huhun masu lafiya, suka kuma share shi daga na marasa lafiya, ƙwararrun likitocin hoto suka ruɗu.

Na'urorin asibiti suna adana hoto a tsarin DICOM. Sunan majinyaci, lambarsa da ranar ɗaukar hoton suna zaune a goshin fayil, daban da hoton, don haka ana iya sauya su. Shi ya sa masu bincike suka fito da dabarar cusa ɓoyayyen hatimi a cikin jikin hoton.

Ga yadda ake yi. Kowane ɗigo a hoton CT lamba ce mai nuna haskensa, yawanci bit 12 zuwa 16 (bit shi ne ƙwayar lissafin kwamfuta, 0 ko 1). Manhaja tana lissafo wata lamba daga hoton, misali ta hanyar SHA-256, ta kulle ta da makullin sirri na asibitin, ta ɓoye ta a bit na ƙarshe na wasu ɗigo, inda ido ba ya gani. Wannan ɓoyayyiyar lamba ita ce hatimin. Likitan da ya karɓa sai ya sake lissafin. Ko ɗigo ɗaya aka taɓa, lambobin ba za su dace ba. Akwai sharaɗi babba: kada hatimin ya hau wurin da ake neman cuta. Akan sa shi a baƙin gefen hoto, ko a zaɓi nau'in da ake cirewa hoton ya koma yadda yake tsaf.

A wajenmu, aika hoto ne ke kashe hatimi. Ɗan'uwa ya ɗaga fim a taga ya ɗauka da waya, ko ma'aikaci ya tura ta WhatsApp, manhajar ta matse shi zuwa JPEG. Hatimi ya tafi, ƙananan alamun cuta ma sun dushe.

Majinyata, ku nemi ainihin fayil ɗin DICOM a faifan CD ko filashi. Abokan aiki a asibiti, idan hatimi bai dace ba, kada ku yi saurin cewa an yi maguɗi, matsewa kaɗai tana jawo haka. Ku kira sashen da ya ɗauki hoton, su turo sabo daga rumbunsu na PACS kafin a shiga tiyata ko a fara magani.