Waiwaye: kalmar "discord" da yadda muke fassara ta

Wata ɗaliba a Samaru ta kawo mini aikin fassarar wani labari kan 'yan majalisa, ta ja layi a ƙarƙashin kalmar "discord", ta ce, "Malam, wannan ba sunan manhaja ba ne?" Da gaskiyarta, domin tun 2015 akwai manhajar hira mai suna Discord wadda masu wasannin kwamfuta suka fara runguma. Amma kalmar ta girmi manhajar da ƙarnuka.

Asalinta Latin ne, gaɓa biyu aka haɗa: ta farko rabuwa, ta biyu zuciya. Ta biyo ta tsohon Faransanci, ta shiga Ingilishi a ƙarni na 13, da ma'anar zukatan da suka juya wa juna baya. Makaɗan Turai ma suka ara, suna kiran sautukan da suka ƙi haɗuwa da ita. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ya ji algaita ɗaya ta kauce wa 'yan uwanta, ya san abin: busa ba ta tsaya ba, amma kunne ya ƙi karɓa.

Zariya ta daɗe da sana'ar auna kalma. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma kullum masu fassarar labarai sai sun zaɓa, don Hausa ba ta rasa kayan aiki ba. Saɓani shi ne mafi sauƙi, tunda tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Husuma da fitina daga Larabci muka samo su, kuma fitina tana da nauyi, akan ambace ta in gari ya yamutse. In an ce ana gaba kuwa, an daina ko gaisawa.

Abin da ke damuna shi ne yanzu komai "rikici" ake ce masa. Kishiyoyi biyu da ke raba girki, suna gaisawa da safe amma kowace ta ƙulle 'yar uwarta a zuci, ba rikici suke yi ba. Rashin jituwa ne, kuma shi ya fi kusa da kalmar Turancin, don dukansu maganar zuciya suke yi tun kafin a ɗaga murya.

Na tambayi ɗalibar ko a cikin labarin an kai ga cacar baki. Ta sake karantawa, ta ce a'a, 'yan majalisar dai sun daina zama inuwa ɗaya. Ta goge "rikici" da ta fara sawa, ta rubuta "rashin jituwa".