Yankewar wuta a injin babur mai kabureta

Yankewar wuta, wadda makanikai da yawa ke kira "misin", ita ce gazawar inji wajen ƙona cakuɗin fetur da iska a wani zagayen aikinsa. A babur mai silinda ɗaya, irin su Honda CG125, Bajaj Boxer da Jincheng, ba ta ɓuya: babur yana fizga, salansa na tari ko harbi, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Tushenta ba ya wuce uku: wutar fulogi, cakuɗin mai da iska, ko matsin cikin silinda.

Lokacin da take faruwa

Kafin a ɗauki sifana, a lura da lokacin da injin ke yankewa, domin kowane sashen kabureta da iyakar aikinsa. Daga silo zuwa rubu'in totur, ƙaramin jet (kusa mai siririyar kafa da fetur ke bi) ke ba da mai. Daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu aikin allurar kabureta ne. Daga nan zuwa ƙarshe sai babban jet. Yankewar da ta tsaya a wuri guda na totur galibi ta mai ce. Wadda ke zuwa ko'ina ba tsari ta fi kama da ta wuta. Idan kuwa babur ya yi lafiya da sanyi, sai bayan minti goma ko sha biyar ya fara, ya huce kuma ya dawo daidai, a zargi koyil (mai ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi) ko bawul da ya matse.

Wuta

Daga fulogi ake farawa, don shi ne mafi arha kuma shi ke nuna halin da ciki yake. Bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Baƙi mai busasshen kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan kuma inji na zafi. Baƙi mai maiƙo yana nufin baƙin mai na haurowa ta ringi ko ta bawul. Tazarar bakin fulogin CG125 milimita 0.6 zuwa 0.7 ce.

Ana gwada shi ta hanyar mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da kan inji, a buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ake nema. Ja-ja mai rauni bai isa ba. Sai dai wannan gwaji yana yaudara, domin fulogin da ya ba da wuta a sarari yana iya kasawa a cikin matsi, shi ya sa ɗaura sabo ya fi zama hujja. Daga nan a duba hular: yawancinsu na da turjiya ta kusan kilo-om 5, kuma wadda ta tsage tana zubar da wuta, musamman da damina ko bayan wanki. A bi wayoyin da ke zuwa CDI (akwatin da ke sakin wutar fulogi a kan lokaci) da magneto (mai samar da wutar), a tsaftace wurin da wayar ƙasa ta kama firam. CDI kanta da wuya a auna ta a gareji. Akan ɗaura ta wani babur mai lafiya ne a gani.

Mai da iska

Fetur na ƙonewa sosai idan nauyin iska ya kai kusan ninki 14.7 na nasa. Akwai gwaji biyu da ba sa buƙatar kwance komai. A ja cok inji na da zafi: idan ya gyaru, mai ne ya gaza. A cire matatar iska na ɗan lokaci: idan ya gyaru, iska ce ba ta isa. A Arewacin Najeriya da Nijar ƙurar hunturu na toshe soson matatar da wuri, kuma wanke shi da kananzir a ɗan shafa masa baƙin mai yakan wadatar.

Idan mai ne ya gaza, a zare tiyon da ke shiga kabureta a buɗe famfo. Ya kamata fetur ya zubo ba yankewa. Murfin tanki na da 'yar kafar numfashi, idan ta toshe babur zai yi 'yan kilomitoci ya shaƙe, a buɗe murfin a ji iska ta shiga. Sai a kwance kusar da ke ƙasan kwanon kabureta, a tari man a kwalba mai haske. Ruwa yakan kwanta a ƙasa kamar ƙwayar dutsen ado, tare da tsatsar tanki ko dattin man jarka. Ɗigo biyu sun isa su rufe babban jet.

Jet ana wanke shi da fetur a hura masa iska, a ɗaga shi sama a ga haske ta kafarsa. Zura masa allura ko wayar ƙarfe na faɗaɗa ramin, kuma ba ya komawa. Robar da ke haɗa kabureta da kan inji ita ma tana tsagewa da tsufa ta riƙa jan iskar sata. Alamarta silo ya ƙi sauka bayan an saki totur. Kusar daidaita cakuɗin mai da iska kuwa, wadda kowa ke gaggawar murɗawa, silo da farkon totur kawai take gyarawa. Kafin a taɓa ta a ƙirga zagaye nawa ta yi zuwa inda ta zauna, ba tare da matsewa ba, don a iya mayar da ita. Tafiya mai nisa da ƙarancin fetur a cakuɗi na iya huda kan fistin.

Matsi

Idan wuta da mai sun fita daga zargi, saura matsi. Kik ɗin da ke sauka ba nauyi alama ce. Ana auna tazarar bawul inji na da sanyi, fistin na can sama a zagayen matsi. A CG125 milimita 0.08 ce. Bawul ɗin da ya matse ba ya rufewa idan ƙarfe ya kumbura da zafi. Da agogon matsi, totur a buɗe gaba ɗaya, adadin da ya gaza psi 100 rauni ne. A zuba ƙaramin cokali na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa: idan ya ƙaru ringi ne ya cinye, idan bai motsa ba bawul ne ko gaskit ɗin kan inji.