Matan Armia Krajowa

Armia Krajowa, wato Rundunar Cikin Gida, ita ce babbar ƙungiyar ɓoye da ta yaƙi mamayar Jamus a Poland lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta samu wannan suna a Fabrairun 1942. Matan cikinta suna da sashensu, Wojskowa Służba Kobiet, ƙarƙashin Maria Wittek.

Aikinsu a lokacin yaƙi

Yawancinsu 'yan aike ne da masu jinya. Aikin aike kuwa shi ya fi haɗari, domin mace kan ratsa shingen sojoji da takardu, kuɗi ko makami a ɓoye cikin kaya. Wasu sun riƙe bindiga, kamar rukunin Dysk na Wanda Gertz.

Wadda ta fi shahara ita ce Elżbieta Zawacka, mai laƙabin Zo, 'yar birnin Toruń. A 1943 ta ratsa Jamus da Faransa, ta haye duwatsun Pyrenees zuwa Sifaniya, har ta isa Landan, inda gwamnatin Poland ta gudun hijira take, da saƙon rundunar. A can ta nemi a ba matan matsayin cikakkun sojoji. A Satumbar shekarar ta diro Poland da laima, ita kaɗai mace cikin dakarun laima na musamman da ake kira Cichociemni.

Bayan boren kwana 63 da rundunar ta yi wa Jamusawa a Warsaw ya mutu a Oktoban 1944, Jamusawa suka ɗauki matan a matsayin fursunonin yaƙi. Sama da 1,700 aka tsare a sansanin Oberlangen, sai ga sojojin Poland na Janar Maczek sun 'yanta su ranar 12 ga Afrilu 1945.

Bayan yaƙi

Gwamnatin kwaminis da Tarayyar Sobiyet ta ɗora ta ɗauki tsofaffin mayaƙan a matsayin abokan gaba. An harbe Danuta Siedzikówna, mai jinya da ake kira Inka, a kurkukun Gdańsk ranar 28 ga Agusta 1946, kwanaki kaɗan kafin ta cika shekara 18. An kama Zawacka a 1951, aka yanke mata shekara 10, ta fito a 1955. Wittek ta yi watanni a tsare wajen 1949, daga baya ta koma sayar da jaridu a wani ɗan shago.

Labarin Emilia Malessa, wata jami'ar rundunar, ya fi ɗaci. Bayan kama ta a 1945, jami'in tsaro Józef Różański ya yi mata alkawarin ba za a taɓa mutanenta ba, ta bayyana sunayensu, aka kuma ɗaure su. Ta yi yajin cin abinci don a sake su, sannan ta kashe kanta a 1949. Har yanzu ra'ayi ya rabu kan abin da ta yi.

Karramawa

Wittek ta zama mace ta farko janar a Poland a 1991, Zawacka ta biyo baya a 2006. Zawacka ta kafa taskar adana tarihin matan a Toruń. An gano ƙasusuwan Inka a 2014, aka binne ta da girmamawar ƙasa a 2016.