Ungulu ba ƙazantacciyar banza ba ce

Wai mutane da yawa suna ganin ungulu ba ta da amfani, ko ta ƙare ba abin da za a rasa, wallahi wannan tunanin yana damuna sosai. Ku duba abin da ya faru a Indiya, daga shekarun 1990 ungulaye suka fara mutuwa, wasu irinsu sama da kashi 95 cikin ɗari suka ƙare. Masana muhalli ba zama suka yi suna hasashe ba fa, mota suke shiga su bi hanya ɗaya suna ƙirga duk wadda suka gani, bayan shekaru su sake bin hanyar su kwatanta, sannan suka riƙa buɗe gawar ungulayen suka tarar ƙodarsu ta lalace. Ashe wani maganin rage zafin ciwo ne mai suna diclofenac da ake yi wa shanu, saniya ta mutu ungulu ta ci ita ma ta bi ta, sai a 2006 aka hana ba dabbobi shi. Da ungulu ta yi ƙaranci mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan titi suka samu abinci suka yawaita, su kuma su ne ke yaɗa ciwon haukan kare.