Waiwaye: Yadda aka ɗora wa hatimin injiniya nauyin da ya fi ƙarfinsa

Duk lokacin da bene ya rufta ko gada ta karye, muhawarar nan takan dawo: wa ya dace ya ja ragamar hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma me ake nufi da zamanantar da ita? Wasu na ganin a mayar da rajista kan intanet, a raba hatimi na kwamfuta, shi ke nan. Wasu na so a shigar da waɗanda ba injiniyoyi ba cikin majalisar gudanarwa, wasu kuma a tilasta wa kowa ƙaro ilimi duk shekara. Ana magana kamar bara abin ya faro, alhali ya girmi dukan masu muhawarar.

Farkon labarin sananne ne. A 1818 injiniyoyin gine-gine suka kafa ƙungiyarsu a Landan. A 1907 jihar Wyoming ta Amurka ta fara dokar ba injiniya lasisi, a shekarar kuma gadar Quebec ta Kanada ta faɗi ana cikin gina ta, mutum 75 suka mutu. Fashewar madatsar ruwa a Kalifoniya a 1928 ta haifar da dokar rajista a 1929, fashewar gas a wata makaranta a Texas a 1937 ta haifar da tata. Zuwa 1947 kowace jihar Amurka tana da irin wannan doka. Tubalin duk ɗaya ne: a gwada mutum a bakin ƙofa, a ba shi hatimi, in ɓarna ta auku a nemi mai hatimin.

Inda wannan tubali ya nuna tsagarsa shi ne birnin Kansas City na Amurka, ranar 17 ga Yuli, 1981. Ɗalibai na karanta abin a darasin ɗa'ar aiki, amma da wuya a ji an ambace shi a muhawarar gyaran hukumomi, kuma a nan ne ya fi amfani.

A zauren wani otal an rataye barandun tafiya guda uku daga rufi, biyu daga cikinsu a layi ɗaya, ta hawa na huɗu daidai saman ta hawa na biyu. A zanen farko, sandar ƙarfe ɗaya mai kaurin milimita 32 za ta sauko daga rufi, ta ratsa bim ɗin barandar sama, wato ƙarfen da ke kwance yana tallafe da ita, ta zarce zuwa ta ƙasa, kowace baranda tana zaune kan nata noti. Matsalar ita ce sai an yanka wa sandar haƙora a dogon tsayi kafin notin sama ya hau wurinsa, kuma haƙoran na iya lalacewa wajen ɗaga kaya. Sai a zanen ƙira, wato zanen da maƙera ke bi, aka raba sandar biyu: ɗaya daga rufi zuwa barandar sama, ɗaya daga barandar sama zuwa ta ƙasa.

A ido canjin ba komai ba ne. Amma a ɗauki guga biyu cike da ruwa. In kowane an ɗaure shi a jikin igiya da ƙullinsa, kowane ƙulli guga ɗaya yake riƙe. In aka rataye na biyu a jikin na farko, ƙullin sama ya koma riƙe biyu. Haka nauyin da ke kan notin hawa na huɗu ya ninka. Shi kuwa bim ɗin, ƙarafa biyu ne masu kwarmi aka haɗa baki da baki da walda, ramin sandar kuma ya faɗo daidai kan layin waldar, wuri mafi rauni. Binciken gwamnati ya gano cewa ko zanen farko kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfin da dokar gini ta birnin ta nema yake da shi. Bayan canjin ya koma kusan 30. Noti ya ɓula bim, barandun suka faɗo kan jama'a, mutum 114 suka rasu, sama da 200 suka jikkata.

Abin lura, masu aikin suna da lasisi, zanen kuma yana ɗauke da hatimi. Ba a bakin ƙofa aka yi sake ba. Canjin ya bi ta tsakanin ofishin zane da wurin ƙira, inda kowane ɓangare ke zaton ɗayan ya yi lissafin mahaɗar, kuma babu wata ƙa'idar rajista da ke leƙa wannan tsakanin. Abin da hukuma ke da ikon yi kawai shi ne karɓe lasisi bayan an binne mamata.

An daɗe kafin a taɓa tushen. Yarjejeniyar Washington ta 1989 ta daidaita amincewa da digiri tsakanin ƙasashe, amma ita ma ƙofar shiga ta gyara. A 2021 kuwa lardin British Columbia na Kanada ya fara yi wa kamfanonin injiniya kansu rajista, a kan sharuɗɗa na zahiri: rubutaccen tsarin duba lissafi, wani injiniya dabam da bai sa hannu a zanen ba ya sake nazarin zanen ƙashin gini kafin a fara aiki, a adana takardun aiki aƙalla shekara 10, hukuma kuma ta riƙa shiga tana binciken fayil ba sai an kawo ƙara ba.

Saboda haka duk wanda aka damƙa wa irin wannan hukuma, rajistar intanet ita ce mafi sauƙin aikinsa. Hatimin kwamfuta yana da amfani in yana nuna wane kwafin zane aka sa wa hannu, a wace rana, kuma ya lalace da zarar an taɓa layi ɗaya. Mai wuyar shi ne ɗaukar masu bincike da suka iya karanta zanen ƙira, da samun ikon doka na buɗe fayil ɗin kamfani a tambaya: wannan canji wa ya nema, wa ya sake lissafin nauyin, ina takardar? Kuma kuɗin yin hakan yakan fito ne daga kuɗin rajistar mutanen da za a bincika, waɗanda a wurare da yawa su ne ke zaɓen majalisar da za ta amince da kasafin.