Tom da Jerry ba na Disney ba ne

Mutane da dama duk katun ɗin da suka gani sai su ce na Disney ne, har da muzurun nan da ɓeran da muka taso muna kallo. Ba haka ba ne. William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙirƙiro su a kamfanin MGM na Amurka. Na farkon, Puss Gets the Boot, ya fito a 1940, lokacin ma Jasper ake kiran muzurun.

Kuma ba don yara masu kallon talabijin aka yi su ba. A sinima ake haska su kafin babban fim, manya da gemunsu na zaune suna tuntsira dariya. Guda 114 mutanen biyu suka yi zuwa 1958, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar.