Waiwaye: Inda Karin Waƙa Ya Ɓace Wa Ido

Gardamar da marubuta waƙa na Sakkwato ke tafkawa kwanan nan a Facebook da zaurukan WhatsApp ba yau ta samo asali ba. Wasu na cewa baitin da bai hau kari ba zube ne aka yanyanka. Wasu kuma na cewa aruli, wato ilimin auna karin waƙa, kayan Larabawa ne, ina ruwan Bahaushe da shi?

Farkon labarin sananne ne. Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara ma'aunan waƙar Larabci 15, daga baya aka ƙara na 16. Malaman jihadin 1804, Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u, suka ɗora waƙoƙinsu a kansu.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne sauyin rubutu daga ajami zuwa boko bayan 1903. Karin waƙar Hausa ba a yawan gaɓoɓi yake ba, a nauyinsu yake, wata gajera wata doguwa, kuma ajami na nuna doguwar da alif ko wau ko ya. Ɗauki kalmar "gari". Garin tuwo gaɓarsa ta farko doguwa ce, mai ajami zai ja ta da alif. Garin da muke zaune kuwa gajera ce. A boko duk rubutunsu ɗaya. Ka sa wannan a gurbin wancan, ɗango, wato layin waƙa, ya karye, ido bai ga komai ba.

Da can kunne ke kama wannan, don rera waƙa ake yi: a makarantar zaure, a bakin jaji, wato malamai mata da Nana Asma'u ke aikawa ƙauyuka wurin 'yan taru, matan da ke ɗaukar karatu. Da waƙa ta koma jarida da littafin aji, aka fara karanta ta a zuci. Amsa-amo ya tsira, tunda ana ganin sa jere a ƙarshen layi. Kari ne ya shiga duhu, shi ya sa nake jin nauyin ɗora wa yaran yanzu laifi.

Kwanaki wani ɗalibi ya kawo mini waƙarsa 'yar ƙwar biyar, wato mai ɗango biyar a baiti, kowane baiti ya ƙare da "wa", gaɓoɓi goma-goma cif, ya ƙirga da yatsu. Na ce ya rera. A ɗango na uku harshensa ya harɗe, ya haɗiye gaɓa guda. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, "Malam, ai lissafin daidai yake."